Firiji Ba Ya Kashe Cuta, Barci Kawai Yake Sa Ta

Duk wanda ya saba zagaya kasuwannin kan iyaka, tun daga Konni da Illela, ya biyo ta Ɗan Isa da Jibiya har ya gangara Maigatari da Magarya, ya san cewa firiji ya daɗe da fita daga sahun kayan ƙawa. A da can, in aka ce wane yana da firiji a gida, to ana maganar babban ma'aikacin gwamnati ne ko wani hamshaƙin alhaji. Yau kuwa shi ne jarin uwargida. Da shi take ƙulla ƙanƙara, da zoɓo, da lamurje, da kunun aya, a zuba a kula, yara su kai tasha ko bakin kasuwa. In azumi ya faɗo cikin zafi, akwai gidan da kuɗin cefanensa na wata guda daga cikin wannan akwati yake fitowa. A rumfar mai kifi da mai kaji kuwa, firiza ita ce sito, ita ce kuma asusu, domin abin da mutum ya mallaka yana kwance a cikinta.

Saboda haka maganar kula da firiji, ko firigo kamar yadda wasunmu ke kiransa, magana ce ta dukiya, kuma magana ce ta lafiyar iyali da ta mutanen da ke saye a hannunmu. Akwai kuma wani abu guda da muke ganin yawancin jama'a ba su gane ba, wanda duk sauran bayanin ke rataye a kansa: sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Tsayar da su kawai yake yi.

Ga yadda abin yake. Nama, da kifi, da nono, da dafaffen abinci duk suna ɗauke da ƙananan halittu da ido ba ya gani. Tsakanin digiri 5 da digiri 60 na ma'aunin zafi, waɗannan ƙwayoyi suna hayayyafa, kuma in sun samu yadda suke so, wasunsu kan ninka yawansu duk minti 20. Mai lissafin kasuwa ya lissafa da kansa: ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu, a haka a haka, cikin awa 7 ƙwaya ɗaya ta haura miliyan 2. Da a ce kuɗi ne ke haihuwa haka, da babu talaka a ƙasar nan. In aka sa abinci a firiji mai sanyin digiri 5 ko ƙasa da haka, hayayyafar takan ragu ƙwarai, amma ba ta tsayawa. In aka daskarar da shi a digiri 18 ƙasa da sifili, wanda shi ne sanyin da ya kamata firiza ta riƙe, sai su tsaya cak, su yi barci. Ranar da ƙanƙarar ta narke, sai su farka su ci gaba daga inda suka tsaya. Wato naman da ya shiga firiza da ɗoyi, da ɗoyinsa zai fito, ko da shekara ya yi a ciki.

Kada wani ya ɗauka ƙaramar magana ce. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasi cewa duk shekara mutum miliyan 600 ke kamuwa da rashin lafiya sanadiyyar gurɓataccen abinci, dubu 420 kuma su rasu. A yankin Afirka kaɗai, fiye da miliyan 91 ke kwantawa, wajen dubu 137 su mutu. Ƙananan yara ƴan ƙasa da shekara 5 su suka fi shan wahala. A wajenmu, in yaro ya kwana yana amai da gudawa, akan ce shawara ce, ko haƙori, ko canjin ruwa. Ba safai ake waiwayar miyar da ta kwana a firijin da wuta ba ta zo masa ba tun azahar.

Wutar da ke zuwa tana komawa

Littafin da ake haɗo firiji da shi an rubuta shi ne don mutumin da wutarsa ba ta ɗaukewa. Mu kuwa mun san halin da muke ciki. Ba mu manta da farkon watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar daga can take zuwa. Sai a watan Maris na 2024 aka maido ta. A ɗaya ɓangaren iyakar ma, a watan Oktoba na 2024 jihohin arewacin Najeriya da dama sun shafe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Ban da waɗannan manya, ga ɗauke-ɗauken yau da kullum, musamman a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da kowa ya kunna fanka kuma zafi a Maraɗi, Tawa da Damagaram ya haura digiri 40.

To, in an ɗauke wuta, awa nawa abinci zai jure? Hukumomin kula da abinci na Amurka sun daɗe suna ba da wannan lissafi: firiji na sanyaya abinci yana riƙe sanyinsa wajen awa 4, in ba a buɗe ƙofa ba. Firiza cikakkiya tana kai wa awa 48, wadda take rabi kuma awa 24. Amma a lura, an yi wannan awo ne a ɗakunan da ba su san zafinmu ba. A shagon kwano a Konni, da tsakar rana cikin bazara, mai hankali zai rage wani abu daga lissafin. Kuma sharaɗin shi ne a bar ƙofa a rufe. A nan ake samun matsala a gidajenmu, domin da an ɗauke wuta ne kowane yaro yake tuna ƙishirwa, wannan ya buɗe, wancan ya buɗe, har maigida ma ya zo ya leƙa ya ga ko kayan sun fara narkewa. Kowace buɗewa sanyi ne ake zubarwa. Gara a ware ruwan sha a randa ko a kula, a bar firiji ya huta.

Dalilin da ya sa cikakkiyar firiza ta fi jurewa shi ne daskararrun kaya suna riƙe wa juna sanyi, iska kuwa ba ta riƙe komai. Saboda haka duk gurbin da ya rage, a cika shi da robobin ruwa, a bar ɗan fili a wuyan kowace roba domin ruwa yana kumbura in ya daskare. In wuta ta tafi, waɗannan robobi su ne dakarun da za su tsare kayan, kuma ana iya ɗaukar biyu ko uku a mayar cikin firiji don miya da nono. Firiza ta kwance, mai murfi a sama, ta fi ta tsaye riƙe sanyi, domin iska mai sanyi nauyi gare ta: in an buɗe ƙofar ta tsaye sai ta zubo ƙasa kamar ruwa, ta kwance kuwa tana zaune a ciki. Ana iya lulluɓe firiza da bargo in babu wuta, amma da an kawo a yaye shi, domin injin yana buƙatar iska.

Abin da ya fi dukkan waɗannan haɗari shi ne ɗaukewar da ba a gani ba. Mutum ya rufe shago ran Alhamis ya tafi ɗaurin aure, ko ya tafi saro kaya Kano, wuta ta tafi kwana biyu ta dawo, ya iso ran Lahadi ya tarar da komai a daskare kamar dutse, ya ce alhamdu lillahi. Bai san kifin ya narke, ya yi kwana yana ɗumi, ya sake daskarewa ba. Akwai dabara mai sauƙi da ba ta cin ko dala: a cika ƙaramin kofi da ruwa, a daskarar da shi, a ɗora kwabo ko tsakuwa a kan ƙanƙarar, a bar shi a firiza. In an dawo kwabon yana sama, kaya ba su narke ba. In an tarar da shi a gindin kofi, to duk abin da ke ciki ya narke ya sake kamawa. Dabarar ba ta faɗin awa nawa aka yi, amma tana tona asiri. Wanda ya fi ta shi ne ɗan ma'aunin sanyi da ake ratayawa a ciki. A ganinmu duk mai sayar da kifi, kaji ko nono ya kamata ya mallaki ɗaya, kamar yadda ya mallaki sikeli. Lambobin da ke jikin makunnin firiji, 1 zuwa 5 ko zuwa 7, ba digiri ba ne; a yawancin firijoji babbar lamba tana nufin ƙarin sanyi, shi ke nan.

Ƙa'idar sake daskarar da abin da ya fara narkewa ita ce: in har yanzu akwai ƙanƙara a jikinsa, ko sanyinsa bai wuce na firiji ba, ana iya mayar da shi, ko da yake ɗanɗanonsa zai ragu. In ya narke sarai ya yi fiye da awa 2 a ɗumi, ba ya komawa. In zafin wurin ya haura digiri 32, wanda a wajenmu shi ne yawancin shekara, awa 1 ce kawai. Mun san wannan magana tana da ɗaci ga wanda jarinsa katan biyar ne. Amma mafita tana gaba da narkewar, ba bayanta ba: da ka ga wuta ta daɗe kuma kaya sun fara laushi, tun suna da sanyi, karya farashi ka sayar wa masu tuya da masu abinci, ko a soya, ko a banda. Asarar riba ta fi asarar uwar kuɗi sauƙi, ta kuma fi zubewar mutunci a unguwa sauƙi.

Sau da yawa akan ce ai wuta tana kashe komai, in an tafasa shi ke nan. Gaskiya ne dafuwa mai kyau tana kashe yawancin ƙwayoyin, amma wasunsu kafin su mutu sun riga sun zuba dafi a cikin abincin, kuma dafin ba ya jin wuta. Misali mafi kusa da mu shi ne kifin teku mai duhun tsoka, irin wanda ake kira taitus a kasuwannin Najeriya, da shawa, da dangoginsu. In irin wannan kifi ya yi ɗumi bayan kamu, wani sinadari mai suna histamin yana taruwa a jikinsa. Soya shi, banda shi, ko sake daskarar da shi ba ya cire sinadarin. Wanda ya ci, cikin ƴan mintoci zuwa awa ɗaya ko biyu sai fuska ta yi ja, jiki ya yi ƙaiƙayi, kai ya yi ciwo, wani har da amai da gudawa. Sai a ce wai jininsa ne bai haɗu da kifi ba, alhali kifin ne ya sha rana a hanya. Dafaffiyar shinkafa da aka bari ta wuni a waje ita ma tana da irin nata dafin da ɗumame ba ya kashewa. Kuma hanci ba alƙali ba ne a wannan shari'a, domin abinci yana iya cutarwa ba tare da ya yi wari ko ya canza kama ba.

Wannan ya kawo mu ga sayen kaya. Kifin ƙanƙara da muke ci daga bakin teku yake tasowa, ya yi tafiyar kilomita 1,000 ko fiye kafin ya iso mu, kuma a 2023 da aka rufe gadar Gaya da Malanbil, kaya da yawa suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanyar da ta fi tsawo. Kajin ƙanƙara kuwa, tun farkon shekarun 2000 Najeriya ta hana shigo da su, kuma kowa ya san kayan da ke bin ɓarauniyar hanya ba a motar sanyi suke tafiya ba. Don haka kafin ka biya, duba katan. Kwalin da ya jiƙe ya bushe yakan yi taswira a jikinsa, ya lanƙwashe. In ka buɗe ka ga jini ko ruwa ya taru ya daskare a gindin leda, ko kifin ya manne ya zama dunƙule ɗaya da ƙanƙara mai launin ja-ja, ko cikinsa ya fashe, wannan kaya ya taɓa narkewa. Kifin da bai taɓa narkewa ba yana nan a miƙe da siffarsa, fatarsa tana sheƙi. Dillali zai rantse maka, amma kwali ba ya ƙarya.

Akwai wata al'ada da muke roƙon jama'a su bari, wato kashe firiza da dare don rage kuɗin wuta, ko don a ba janareto hutu, a kunna da safe. Ga mai sayar da lemon kwalba babu laifi. Ga mai nama da kifi kuwa, kullum dare saman kayan yana sakin jiki, kullum safiya yana sake kamawa, kuma saman nan shi ne inda ƙwayoyin suka fi yawa. Tsakiyar katan tana nan da tauri, shi ya sa ake ruɗuwa. Ribar wutar ma ba ta kai yadda ake zato ba, domin da safe injin zai yi ta aiki ba tsayawa har ya maido sanyin da ya ɓace.

Narkar da nama shi ma yana da hanyarsa. Abin da aka saba shi ne a fito da ƙulli tun da safe a ajiye a kwano a tsakar gida, ko a rana ma don ya yi sauri. Kafin tsakiya ta saki, bayan ya yi awoyi a ɗumi, ƙuda ya sha rabonsa. Hanya mafi kyau ita ce a sauko da shi cikin firiji tun daren jiya, a cikin kwano don kada ruwansa ya ɗiga kan wani abu. In ana sauri, a sa shi cikin leda mai kyau a nutsa a ruwan sanyi, ana canza ruwan duk rabin awa, kuma da ya narke a ɗora a wuta. Ƙananan yanka ma ana iya zuba su a tukunya da ƙanƙararsu, sai dai a ƙara lokacin dahuwa.

Lokacin layya ne firiza take shan wahalar da ta fi ta kowane lokaci. Akan kwaso cinya guda, da ɗuminta, a cusa, a bi da kayan ciki, a danne murfi. Kowace firiza tana da iyakar kilo nawa na sabon kaya za ta iya daskararwa cikin awa 24, kuma galibi an rubuta adadin a takardar da ke manne a jikinta. Ta gida ba ta wuce ƴan kiloli. In aka zarce, tsakiyar tulin naman yana iya yin kwana biyu bai kama ba, ya kuma narkar da tsofaffin kayan da ke kusa da shi. A yanka naman, a raba shi ƙulli-ƙulli daidai girkin rana ɗaya, a baje kowace leda ta yi faɗi maimakon dunƙule, a shimfiɗa su a jikin bangon firiza. Kuma kada firiji ya sa mu raina hikimar iyayenmu. Suyar naman layya har ya bushe cikin kitsensa, da kilishi, da banda, ba su taɓa jiran kamfanin wuta ba. Gidan da ya soya rabi ya daskarar da rabi ya fi kwanciyar hankali.

Shi kansa akwatin

Yawancin firijojin da ke kasuwanninmu na hannu ne, waɗanda suka gama aiki a Turai aka yo lodinsu ta jirgin ruwa. Ƙasar Gana ta hana shigo da irinsu tun farkon 2013, saboda yawan cin wutarsu. Ba mu ce duka ba su da kyau ba, amma akwai abu guda da mai saye ya kamata ya duba, wanda ko dillalan ma ba kowa ya san shi ba. A takardar bayanan firiji, a ciki ko a baya, akwai haruffan da ke nuna yanayin da aka ƙera shi dominsa. In an rubuta N ko SN, an yi shi ne don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba. ST yana kai wa 38. T shi ne na ƙasashe masu zafi, yana kai wa 43. Firijin da aka ƙera don Jamus ko Beljiyam, mai harafin N, in ka kai shi Damagaram a watan Mayu, injinsa zai yi ta gurnani dare da rana bai kai sanyin da ake so ba, har ya gaji ya ƙone, a ce an yi rashin sa'a. Nemi mai T, ko aƙalla ST. Taurarin da ake zanawa a ƙofar ɗakin ƙanƙara su ma suna da ma'ana: tauraro ɗaya digiri 6 ne ƙasa da sifili, biyu 12, uku 18, mai huɗu kuma shi ne wanda zai iya daskarar da sabon nama. Ɗan akwatin ƙanƙara na ƙaramin firiji mai tauraro ɗaya ba wurin ajiyar nama na wata guda ba ne.

In an sayo, a ɗauko shi a tsaye. In dole ta sa an kwantar da shi a bayan mota ko a amalanke, a tsayar da shi ya yi awoyi, in da hali ya kwana, kafin a jona, domin man da ke cikin kwamfaresa ya koma mazauninsa. A ajiye shi inda rana ba ta dukansa, nesa da murhu, a bar tazarar kamar tafin hannu tsakaninsa da bango. Firiji ba ya ƙera sanyi, zafin ciki yake kwasowa ya zubar a waje ta waɗancan baƙaƙen ƙarafa na baya, ko ta jikin bangonsa a sababbin ƙira. In aka matse shi a lungu aka jibga buhuna a gefensa, ko ƙurar hunturu ta lulluɓe ƙarafan, zafin ba shi da hanyar fita. A cire shi daga wuta a share bayansa da busasshen tsumma ko buroshi mai laushi, musamman bayan hunturu. A nan ne kuma akan tarar da aikin ɓera.

Robar bakin ƙofa ƙaramar aba ce mai babban aiki. A gwada ta da takardar kuɗi: a rufe ƙofa a kanta, a ja. In ta zare ba tare da wata turjiya ba, sanyi yana tsiyaya ta nan, kuma canza roba ya fi canza inji araha nesa ba kusa ba. Robar da ta saki ita ce kuma ke sa ƙanƙara ta yi ta taruwa a bango. Wasu suna murna da wannan tulin ƙanƙara, suna ganin alamar ƙarfi ce. Ba haka ba ne, bargo ce da ke tare sanyi. In kaurinta ya wuce rabin santimita, a kwashe kaya a zuba a kula, a kashe firiza, a sa kwanon ruwan ɗumi a ciki ta narke da kanta. Kada a sa wuƙa ko sukundireba. Bututun gas yana nan kwance a bayan ƙanƙarar, kuma huda ɗaya ta isa ta kashe firiji. Ƙari a kan haka, yawancin sababbin firijoji suna aiki da gas mai lamba R600a, wanda yake kama wuta. Lambar tana rubuce a jikin kwamfaresa. Tsohon gas R12 an daina ƙera shi saboda yarjejeniyar Montreal ta 1987, don haka firijin da ke ɗauke da wannan lamba ya tsufa ƙwarai, kada a saya.

Tunda mun ambaci gas, bari mu faɗi wata gaskiya da za ta tsare wa mutane kuɗinsu. Firiji ba ya shan gas kamar yadda mota ke shan mai. Gas ɗin yana zagaye ne a cikin rufaffen bututu. In ya ragu, akwai inda yake zuba. Mai gyaran da ya ɗura maka gas bai nemo hudar ya toshe ba, zai sake ganinka bayan wata biyu. Kuma kowane inji da irin gas ɗinsa, ba a musanya wani da wani.

Abin da ya fi kashe kwamfaresa a wajenmu shi ne wuta mai rauni da wuta mai ƙyaftawa. In aka ɗauke aka maido nan take, injin yana ƙoƙarin tashi alhali matsin gas bai sauka ba, sai ya yi ƙara ya tsaya, ya yi zafi. In an ɗauke wuta a zare filogi, in an kawo a jira minti 5 kafin a mayar. Akwai ƴar na'ura da ake jonawa tsakanin bango da firiji mai yin wannan jira da kanta, tana kuma yankewa in wuta ta yi yawa ko ta yi kaɗan. Ita da na'urar daidaita ƙarfin wuta sun cancanci kuɗinsu. A jona firiji kai tsaye a bango, ba a siririyar wayar da aka rataya wa fanka da talabijin da cajin waya ba. Mai janareto ya sani cewa a lokacin tashi inji yana jan wuta ninki da yawa fiye da yadda yake ja in ya daidaita, shi ya sa ƙaramin janareto ke shaƙewa. Shi janareton kuma a waje ake ajiye shi, nesa da taga, domin hayaƙinsa yana kashe mutane cikin barci.

A cikin firijin, ɗanyen nama da kifi su zauna a ƙasa, a rufe, dafaffen abinci a sama. In firiza ɗaya ce ake kifi da ƙanƙarar sha a ciki, wanda bai kamata ba amma mun san ana yi, to kifin ya shiga bokiti mai murfi, domin ranar da ya narke ruwansa zai bi jikin ledojin da yara ke fasawa da haƙori. Ragowar miya a raba ta a ƙananan kwanoni ta huce da wuri, kada ta wuce awa 2 a waje, kada kuma ta wuce kwana 3 ko 4 a firiji. Kunun aya da nono ba su da haƙuri ko kaɗan, wanda ya kwana ba wuta ba na sayarwa ba ne. Mai ciwon sukari da ke ajiye allurar insulin ya sa ta a tsakiyar firiji, kada ta taɓa bangon ƙanƙara, domin in ta daskare ta lalace.

Ga ƴan'uwanmu mata masu ƙanƙara da zoɓo, ƙanƙara abinci ce. Ruwan da ba za ki ba ɗanki ya sha ba, daskarewa ba za ta tsarkake shi ba. Ƙwayoyin taifot da na gudawa suna rayuwa a cikin ƙanƙara. Mutanen Madarunfa ba su manta da kwalarar 2018 ba, haka jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa da ta 2021, kuma kowa ya ji daga bakin likitoci cewa ta ruwa da hannu take bi. A yi amfani da ruwan famfo mai tsabta ko wanda aka tafasa, a wanke hannu da sabulu kafin ƙulli, a kuma daina hura leda da baki don ta buɗe.

In firiji ya mutu murus, akan mayar da shi akwatin ajiyar hatsi ko a jingine shi a bayan ɗaki. Kafin a yi haka a cire ƙofar ko murfin gaba ɗaya, musamman tsofaffin nan masu sakata da firizojin da ake sa wa kwaɗo. Yaro mai wasan ɓuya yana iya shigewa, murfi ya rufe a kansa, iska ba ta shiga, kuma kukansa ba ya fitowa waje.